Ranar da Bayyumi Ya Kashe Mai Guga da Rimot

A lungunmu na tsohuwar Alkahira, duk wanda ya taɓa ɗaure kusa ɗaya a rayuwarsa injiniya ne. Bayyumi kuwa wannan bai ishe shi ba. Shi Bashmuhandis yake so a ce masa, babban injiniya ke nan, kuma idan ka kira shi da sunansa na yanka sai ya waiwaya yana neman wanda kake nufi. Duk iliminsa daga shagon surukinsa mai sayar da talabijin ya samo shi, inda ya yi wani ɗan zama yana ɗaukar kwalaye daga mota zuwa sito, har ranar da ya saki ɗaya a kan ƙafar surukin. Tun daga nan yake yawo da biro uku a aljihun gaba, yana gaya wa duk wanda ya tsaya cewa shi launi a jininsa yake.

Ni ne Sobhi, mai gidan gahawar da ke bakin lungu. Talabijin ɗin da za ku ji labarinsa nawa ne, Allah ya ji ƙansa.

Rigimar ba ta Bayyumi ba ce ma. Ammu Shahata mai guga, wato Baffa Shahata a harshenmu, yana kiwon tattabaru a saman bene, kamar rabin mazan unguwa, amma guda ɗaya ne ransa. Fanus sunansa, namiji, jikinsa ruwan toka, wuyansa ruwan zuma, shi ke jan sauran idan aka sake su da la'asar. Ran nan garken Shahata ya gauraya da na Mu'allim Dardiri mahauci a sama, da kowa ya kaɗa tutarsa ya yi fito don kiran nasa tsuntsayen, Fanus ya rikice ya sauka a kan rufin mahauci, tarko ya rufe da shi. Tsakanin rufin nan biyu akwai sulhu tun zamanin iyayensu, wanda ya kama na wani ya mayar. Dardiri ya ce babu abin mayarwa, tsuntsu nasa ne, a akurkinsa aka ƙyanƙyashe shi. Ya fige masa gashin fiffike don kada wani mai wayo ya ce a sake shi a ga inda zai tashi ya nufa. Sannan ya sanar wa lungu cewa gobe surukansa za su zo cin abincin rana, kuma za a cusa wa Fanus shinkafa a ciki a soya shi da man shanu.

Shahata ya daina cin abinci. Ya ƙona rigar wani malamin makaranta, abin da bai taɓa yi ba tun da na san shi.

Aka kai ƙara gaban Hajji Mitwalli, dattijon masu tattabara, wanda idonsa ya yi rauni, kunnensa ma ya bi sahu, amma maganarsa ba a ja da ita. Washegari aka zauna a wurina bayan sallar Juma'a. Dardiri ya dangwarar da keji a kan tebur, Fanus a ciki ya takure. Shahata ya ciro wayarsa, ya nuna hoton da 'yarsa ta ɗauke shi da sallar da ta wuce, yana rungume da tsuntsun.

Hajji ya kai wayar har kan hancinsa. "Wannan tsuntsu ne ko dankali?"

"Fanus ne, Hajji. Duba wuyan."

"Ban ga wuya ba, ɗana. Ku nuna mini shi babba. In launin hoto ya zo daidai da na cikin keji, gashi da gashi, naka ne. In bai zo ba, na mahauci ne, a soya lafiya."

A nan ne Bayyumi ya miƙe daga teburin da yake zaune tun safe da shayi kofi ɗaya.

"Hajji, Allah ne ya kawo ku inda nake. Ammu Shahata, share hawayenka. Kafin shayin nan ya huce zan fito maka da tsuntsun nan a talabijin ɗin Sobhi, har sai na cikin keji ya ga kansa ya yi guɗa."

"Taɓa mini talabijin in taɓa ka," na ce.

"Ji shi! Mutumin da ke kashe talabijin da cire waya daga bango. Ba ni rimot, Sobhi, ka koma wajen butarka."

Na dubi Shahata, na ga idonsa, na miƙa rimot. Wannan shi ne sakarcin da tausayi ke sa mutum.

Talabijin ɗin a saman babban firijin lemo yake zaune, don kowa ya hango ƙwallo. Bayyumi ya je gida ya dawo da kebul mai tsawon igiyar shanya, ya hau kujera, ya soka nan ya soka can, ya sauko ya danna. Sai ga Ammu Shahata ya cika gilashi, yana murmushi, rungume da wani tsuntsu kore shar.

Dardiri ya ƙyalƙyale da dariya har tumbinsa na dukan tebur. "Ashe aku ya ɓace maka, Ammu! Ka je gidan namun daji ka tambaya."

"Kore nake gani," in ji Hajji. "Na cikin keji kore ne?"

"Kowa ya natsu," Bayyumi ya ɗaga hannu. "Wannan ciwo na san shi. Talabijin ne ya ci ciyawar ƙwallo ya ƙoshi. Safe ƙwallo, dare ƙwallo, ina kuke so koren ya tafi? Taruwa yake yi a ciki. Yanzu zan matse shi."

Ya danna wani abu sau da yawa. Koren ya gudu, tsuntsu ya koma ruwan hoda kamar rigar amarya, fuskar Shahata kuwa ta zama baƙin gauta.

"Wa ya shaƙe shi?" Hajji ya tambaya.

"Muna hanya," in ji Bayyumi. "Manyan injiniyoyi da fari suke farawa. In fari ya zauna, sauran launuka bin sa suke yi kamar 'ya'yan agwagwa. Wa ke da fari na gaske a nan?"

Kafin kowa ya amsa ya zare hular Hajji daga kansa, farar hula tas da ya zo da ita daga Makka. Ya ɗaga ta kusa da jallabiyar Shahata ta cikin hoto. Jallabiyar ta yi shuɗi-shuɗi, hula kuwa fara. Bayyumi ya duba nan ya duba can, ya girgiza kai cike da baƙin ciki.

"Hajji, ka yi haƙuri, an cuce ka. Hular nan ba ta kai fari ba."

"Hulata?"

"Na'ura ba ta ƙarya. Ammu Shahata, yi maza kawo bular da kake sa wa wanki."

Shahata da gudu ya je shago ya dawo. Bayyumi ya kaɗa bula a bokitin da nake wanke kofuna, ya tsoma hular, ya ɗaga, bai gamsu ba, ya ƙara tsomawa. Da ta fito kamar sararin sama sai ya ce yawwa, yanzu ta yi daidai da talabijin, ya kifa wa dattijo ita a jiƙe. Shuɗin ruwa ya biyo goshin Hajji ya shiga gemu.

"To fari ya zauna," in ji Dardiri. "Tsuntsun fa? Har yanzu amarya ce."

"Kai nama ka sani, Mu'allim, bar wa masu ilimi. Matsalar a kebul take. Ja ya fi kowane launi nauyi. In kebul ya yi ciki, sai ja ya kwanta a ƙasa kamar gari a gindin kofin gahawa, ya riƙa isowa talabijin a dunƙule. Dole a miƙar da shi. Ammu Shahata, tsuntsunka ne, kai za ka riƙe."

Ya tura tsohon nan bayan firiji, tsakanin bango da ƙura, ya ɗaga masa hannu biyu sama da kebul a ciki.

"Kada ka motsa. Kada ka yi magana, murya na girgiza launi. Ko me ka ji, shiru, in dai kana son Fanus ya kwana da rai."

Daga bayan firiji ba a ƙara jin ko tari ba.

Tsuntsu ya koma ruwan goro. Bayyumi ya juya ya harari ƙofa, inda rana ke shigowa tana kwanciya a kan gilashi.

"Ga munafukar. Tun ɗazu ita ce ke wanke mini aiki. Babu injiniyan da ke gwada launi rana na kallonsa. Sobhi, ina labulenka?"

"Gidan gahawa ne nan, ba ɗakin amarya ba."

Ya fita. Ba a daɗe ba sai ga shi da masu ba da hayar rumfa na bayan masallaci, ɗauke da manyan ƙyallayen nan ja masu zane da ake kafawa in an yi rasuwa. Ya ce su rufe gaban shagona ruf. Suka kafa sanduna, suka rufe gaban shago da rabin lungu. Su kuma mutanen nan ba su san kawo rumfa babu kujeru ba, sai suka jera kujeru sahu-sahu, suka rataya lasifika, suka tafi abinsu.

Cikin shago ya yi duhu, ɗan hasken da ke ratso ƙyalle ya mayar da mu duka jajaye kamar naman da ke rataye a shagon Dardiri. Bayyumi ya ce madalla, yanzu zai kwashe launuka gaba ɗaya ya sake zuba su ɗaya bayan ɗaya. Ya kwashe. Hoto ya koma fari da baƙi. Wajen neman hanyar dawowa ya danna wani abu, tsuntsu ya fice daga gilashi, fuskar Shahata ta kumbura ta cika shi, yana murmushin nan na mutanen kirki da suka riga mu gidan gaskiya.

Mutumin farko da ya ɗaga ƙyalle ya shigo mai sayar da wake ne. Ya dubi kujeru, ya dubi hoto, ya dafa ƙirji.

"Inna lillahi! Jiya jiyan nan ya karɓi wandona."

Ya nufi Hajji, tunda shi ne babba, ya kama hannunsa. "Sauran kwanansa su ƙaru a naka, Hajji."

"Mu da ku baki ɗaya," Hajji ya amsa, don bakinsa ya saba. Sai da mutum na biyar ya gaishe shi sannan ya jawo ni. "Sobhi, wa ya rasu?"

Wani daga baya ya amsa da ƙarfi, "Shahata mai guga!"

"La ilaha illallah!" Hajji ya fashe da kuka, shuɗi na bin kumatunsa. "Yanzu yanzu muke tare da shi. Duniya ba komai ba ce."

Na buɗe baki zan yi magana, sai na tarar hannuna yana zuba gahawa babu sukari, don haka hannun mai gahawa ke yi idan ya ga rumfa. Kafin in ajiye buta kujeru sun cika. Shehin karatu na masallaci ya ji labari, ya zo ya naɗe ƙafa ya gyara lasifika. Bayyumi kuwa bai san abin da ake ciki ba. Ya ba jama'a baya, hancinsa a kan rimot, yana cewa, "Ku rage surutu, ku rage numfashi, tururin baki na taɓa shuɗi."

Dardiri ya hau kujera. "Jama'a, ku ji tsoron Allah! Mutumin nan da ransa! Yana bayan firiji!"

"Firiji?" in ji mai wake. "Har an kai shi asibiti ke nan."

"Ba na asibiti ba, na lemo! Sobhi, gaya musu!"

Na dubi mahauci, na dubi keji, na ce, "Gahawa, Mu'allim?"

Sai ihu ya taso daga ƙarshen lungu. Sitt Ihsan ce, matar Shahata, ta ratso maza babu takalmi, hannunta duk ƙullun burodi, matan unguwa na biye da ita. Ta tsaya gaban talabijin, ta ɗaga kai ta ga fuskar nan, ta fashe da kuka. Na sha ganin kukan mutuwa a lungun nan, wani na al'ada ne, ana yi ana leƙen wa ya zo. Nata ba irinsa ba ne.

"Shahata! Ka fita ko shayi ba ka sha ba, na ce ka sha, ka ce in ka dawo. Na yi ta zaginka a kan tsuntsaye, na ce ka fi son su da ni. To na janye, ka dawo ka fi son su! Wa zai riƙa taka mini rufi da asuba in ji in san gari ya waye? Wa zai goge mini mayafi yana mita? Ka bar ni da wa, tsohon banza?"

Har shehi ya sauke murya. Ni da na san gaskiya sai da na ji kunya.

A cikin matan akwai Hajja Nabawiyya, mahaifiyar Dardiri, 'yar ƙaramar tsohuwa wadda duk mahautan kasuwa ke miƙewa idan ta wuce. Ta hango keji a gaban ɗanta.

"Kai, mene ne wannan?"

"Tsuntsuna ne, Umma."

"Baƙin cikin tsuntsun nan ne ya kashe shi!" wata ta ce.

Hajja ta cire silifa. "Ka kashe mutum, sannan ka zo makokinsa da kayan marayu a hannu? Da nonona ka sha wannan hali?"

"Umma, wallahi bai mutu ba!"

Tas a ƙeya. "Ka ƙaryata shehi? Ka ƙaryata rumfa? Dubi Hajji yadda kuka ya mayar da shi shuɗi! Ɗauki kejin nan ka ba matarsa, ka durƙusa."

Ƙaton mutumin nan da ke kayar da sa shi kaɗai ya ɗauki keji kamar yaron da aka aika, ya nufi Sitt Ihsan. Ta miƙo hannu. Na ce a raina, Allah, ko da wannan hanya ce mun karɓa, ka rufe bakin kowa na ɗan lokaci.

"Na gano!" Bayyumi ya daka tsalle. "Firiji ne! Sanyi ne ke daskarar da launi tun daga ƙasa! Ku matsa!"

Ya sa kafaɗa ya ingiza firiji gefe. Talabijin ɗina ya yi rangaji, ya sunkuya kamar mai gaisuwa, ya kifa a ƙasa ya tarwatse. A inda firiji ya tashi kuwa, ga Ammu Shahata tsaye, hannu biyu a sama, ƙura ta mayar da shi fari fat, hawaye sun yi masa layi biyu a fuska, har yanzu yana riƙe da kebul.

"In sauke?" ya tambaya a hankali.

Ban taɓa ganin shagona ya zama fanko da sauri haka ba. Shehi ya fita ta ƙarƙashin ƙyalle da lasifika a wuya. Mai wake ya bi ta kan kujeru. Wani ya ja sanda, rabin rumfa ta rufto a kan Bayyumi. Keji ya suɓuce daga hannun Dardiri, ya bugi ƙasa, ƙofarsa ta ɓalle.

"Kun gani!" Dardiri ya yi ruri. "Ga shi da ransa! Babu maraya, babu gado, babu hoto! Tsuntsu nawa ne!"

Ya sunkuya zai cafke, Hajji ya tare shi da sanda. Dattijon ya daina kuka, yana bin wani abu da ido a ƙasa. Fanus ne ya fito daga keji, ya girgiza jiki, ya gwada fiffike ya ga babu, sai ya sa kai waje da ƙafa.

"Kowa ya ja baya," in ji Hajji. "Launi ya gagare mu. A bar shi ya faɗa da ƙafarsa."

Haka muka bi shi. Tsuntsu a gaba yana tafiyar ƙasaita, kai na gaba na baya, Hajji a bayansa da shuɗin gemu, sai masu makoki da suka dawo suna leƙe, wasu da kofin gahawa a hannu. Hajja Nabawiyya na gefe da silifa tana korar kuliyoyi. Da Fanus ya zo ƙofar mahauci sai ya tsaya. Shahata ya matso kusa. Tsuntsu ya dubi naman da ke rataye da ido ɗaya, ya juya ya duba da ɗayan, ya ajiye wa Dardiri ɗan saƙo a bakin ƙofa, ya wuce. Bai ƙara tsayawa ba sai shagon guga. Ya shige ta ƙarƙashin tebur, ya kama matakalar bene, ya fara hawa da tsalle.

"Na Shahata ne," in ji Hajji. "Mahauci ya soya wa surukansa kaza."

Sai ga Bayyumi ya iso yana jan ƙyallen rumfa a kafaɗa, rimot a hannu.

"Alhamdu lillahi, lissafi ya fita daidai. Tun farko abin da na shirya ke nan, don a kimiyya wannan shi ake kira..."

Ba mu ji abin da ake kiransa ba. Silifar Hajja ce ta fara isa, ta matan da suka bar tukunya a wuta ta biyo, ni kuma na cire tawa duka biyu. Ya kwasa da gudu ya fita lungu, ƙyalle na kaɗawa a bayansa, yana ihu cewa gobe zai dawo ya duba mana firijin kyauta.

Da hayaniya ta lafa na leƙa shagon guga. Shahata na zaune a kan matakala, Fanus a cikin jallabiyarsa, kai kaɗai ya leƙo. Sitt Ihsan na tsaye a kansa, ƙullu ya bushe a hannunta, idonta jajur.

"Kana ji na," ta ce. "Kana bayan firiji kana ji na, ka yi shiru saboda tsuntsu."

"An ce kada in motsa, Ihsan."

"To ka saurara. Kukan da na yi yau shi ne naka, na yi na gama. Ranar da ka mutu da gaske, ko ɗigo kada ka sa rai."

Shahata ya shafa wuyan Fanus da yatsa, bai ɗago ba.

"Ya ishe ni," ya ce. "Wancan ai ba zan ji shi ba."